Kuben da Na Ɗaura a Hagu

Muna sallame sallar asuba ranar Asabar muka fara loda mota. Masu aiko min da saƙo suna tambaya wai da gaske ne na je gasar harbi, e, da gaske ne, wannan karon ba sharri aka yi min ba. Ga yadda tafiyar ta kasance daga bakina, don kada a ƙara mata gishiri a zauren matanmu na waya.

Mu uku ne a motar. Maigidana yana tuƙi, ni ina gefensa, sai mahaifiyata a baya, wadda ta zo mana ziyara daga Kano, watanta na huɗu ke nan. Ban gayyace ta ba. Tun ranar Alhamis ta ce ƙafata ƙafarta, sai ta ga abin da ke fitar da matar aure daga gida kowace Asabar da akwati mai kwaɗo. 'Yata mai shekara huɗu muka miƙa wa maƙwabciyarmu, wata tela 'yar Maraɗi da ke hawan ƙasa a gidajen hayarmu na East Greensboro. Ita ce ta ɗinka min doguwar rigar da na sa ranar, ta yi mata 'yan madaukai a ƙugu inda bel zai ratsa ya kama yadin tsam. A bakin ƙofa Mama ta ja mata kunne, ta ce a sa ido a kan hannun yarinyar nan, ta fara ɗaukar fensir da hagu. Ina tsaye ina ji. Ni kaina na sha sauya mata fensirin a hankali in ba kowa a wurin.

Bindigar tana but ɗin mota cikin akwatinta a kulle, babu harsashi a cikinta, harsasan suna wata jaka daban. A jakar hannuna kuma akwai kube, wato gidan da ake soke ƙaramar bindiga a ƙugu, wanda a nan kowa ke ce wa holsta. Na hannun dama ne. Ban yi niyyar ɗaura shi ba, Mama kuma ba ta sani ba.

Bari in ɗan koma baya. Ni bahaguwa aka haife ni. Yawancinku ba ku sani ba, don an yi aiki a kaina sosai. Ina shekara biyar Mama ta ɗaura ɗamarar gyara ni. In na miƙa hagu cikin kwano, bayan ludayi zai sauka a kan yatsuna. In na ɗauki fensir da shi, sai a naɗe hannun da tsumma a ɗaure a jikina har in gama aikin makaranta. Kafin in shiga aji uku na koma dama gaba ɗaya, ci da rubutu da gaisuwa da karɓar aike. Har yau a gidan suna, in aka kawo zancen yaro mai taurin kai, Mama takan nuna ni da haɓa ta ce, "Waccan da hagu ta zo, ni na gyara ta." Abin da ba ta sani ba shi ne, in ni kaɗai ce a kicin da hagu nake yanka albasa, rubutuna kuwa har gobe ni kaɗai ke iya karanta shi.

Harbi kuma wata abokiyar aikina ce a ɗakin gwaje-gwajen asibiti ta ja ni bara, baƙar Ba'amurkiya, tsohuwar soja. Malama nake kiranta. Zuwan farko na yi shi ne don kada ta ce na raina gayyatarta, na biyu kuwa don kaina na je. Da ta ga na isa shiga ƙaramar gasa sai ta ce in nemo kube. Na farko da na kawo na yadi ne mai araha. Ta ɗaga shi da yatsu biyu ta ce bakinsa yana rufewa da zarar an zare bindiga, wajen mayarwa sai mutum ya sa ɗaya hannun ya buɗe, ya nuna wa yatsunsa bakin bindiga. Na biyu na fata ne, kyakkyawa, ƙamshinsa ya tuna min da layin dukawa a kasuwar Kurmi. Ta ce fata tana laushi in ta sha jiki, gefenta yakan lanƙwashe ya taɓa kunama. Na uku shi ne na roba mai tauri, wadda ake gasawa a matse ta daidai siffar bindigar, ta rufe kunama ruf, in ka soka ka ji ƙas. Mai shagon da na saye shi ya tambaye ni na dama ko na hagu. Bai rufe baki ba na ce dama. Mama tana Kano a lokacin, amma ita ce ta ba shi amsa.

Sati uku kafin gasar Malama ta kawo agogon da ake amfani da shi, mai yin ƙara sau ɗaya, sai ka zare ka harba. Duk sanda ya yi ƙara, hannuna na hagu ne yake fara zabura, ya tsallaka cikina zai je ƙugun dama, sai ya tuna ya dawo, sannan dama ta tashi a makare. Malama ta kashe agogon ta ce, "Wa ya hana ki hannunki?" Ta ce hannu biyu suna rigima a kan bindiga ɗaya, wata rana ɗaya zai fizge ta ta ratsa ta gaban cikina da harsashi a ciki. Zaɓi nawa ne, in ji ta, amma in na zo gasa da kuben dama ita ba za ta tsaya kallo ba.

Ta ara min wani na hagu. Sati uku ina kulle ƙofar ɗakin kwana ina gwada zarewa da bindiga babu harsashi, ni, mai shekara talatin da shida, mai miji da 'ya, ina ɓuya daga uwata kamar na saci nama a tukunya. Aron ya yi wa bindigata yawa, tana rawa a ciki, ba zai wuce binciken alƙalan gasa ba. Na zaga shagunan garin nan tun daga gefen Sedgefield har can arewa. Bango guda cike da na dama, na hagu biyu ko uku a lungu, su ma ba na irin bindigata ba. A ƙarshe Malama ta haɗa ni da wani tsoho da ke ƙera su a garejin gidansa, a kan hanyar filin gasar. Ya ce sai safiyar Asabar zai gama. To, wurinsa za mu fara tsayawa.

Muka hau babbar hanya mai lamba 73 muka nufi kudu. Tafiyar ba ta da wani nisa, kamar daga Kano zuwa Wudil ne da ɗan ƙari, amma Mama ta yi mana guzurin dambun nama kamar za mu Makka ta ƙasa. Muka tsaya shan mai a wajen gari, galan ya ɗan haura dala uku, maigidan yana ta mita. Gari ya fara wayewa a kan dazuzzuka. Watan Oktoba ne, ganye ya juya ja da ruwan ɗorawa, Mama ta tambaya wace cuta ce ta kama itatuwan. Aka ce mata haka suke yi kafin sanyi, ta ce Allah mai iko. Ta ƙirga coci-coci har ta gaji. Ta ga shanu a fili babu makiyayi, ta ce lallai ɓarayin ƙasar nan ragwaye ne. Ta ga barewa kwance a gefen titi mota ta buge ta, ta yi salati, ta ce nama guda an bari ya zama mushe. Ni kuwa ko dariya ban iya yi ba, jakata tana kan cinyata na riƙe ta da hannu biyu.

Bayan Asheboro muka sauka daga babbar hanya muka shiga wata siririya tsakanin gonaki da dogayen ɗakunan kiwon kaji. Warinsu ya shigo mota. Gidan tsohon yana ƙarshen wata hanyar tsakuwa. Bature ne siriri, gemunsa fari fat, garejinsa cike da fallayen roba da wata 'yar tanda da yake gasa su, ga bindigogin roba shuɗaye rataye a ƙusoshi, da su yake ɗaukar awo. Na so Mama ta zauna a mota. Ta ce ƙafarta ta sage, ta fito.

Matarsa ta kawo kofi a faranti. Tsohon ya ɗauki kofi ɗaya ya miƙa wa Mama, da hagu. Mama ta kalli hannun, ta kalli bango. Maigidana ya yi wuf ya karɓa ya miƙa mata da dama, ya ce wa tsohon wai Hajiya tana godiya ƙwarai. Ashe shi ma tsohon bahago ne, shi ya sa yake damuwa da yi wa irinmu. Ya ce a makarantarsu ta ƙauye malamarsa da rula ta bi shi shekara biyu, ta gaji ta bar shi. Maigidana bai fassara wannan ba.

Sai tsohon ya ɗauko kuben, baƙi, sabo fil. Ya duba bindigata sau biyu ya tabbatar babu komai a cikinta, ya soka ta, ta ce ƙas. Ya kifa kuben ya girgiza, ba ta faɗo ba. Ya ce in ɗaura. Na zura bel ɗina ta madaukan rigar, na zaunar da kuben a ƙuguna na hagu. Ya sa na zare sau goma ina fuskantar bango, yana ɗan juya wani noti, ya sauke kuben ƙasa kaɗan don kada gwiwar hannuna ta maƙale. A karo na goma sai na ji kamar hannun ya daɗe da sanin hanyar.

Mama ta aje kofinta. Ta ce wa maigidana, "Malam, gaya masa ya yi kuskure. Ya juya shi, a ɗaya gefen ake sawa."

Maigidana ya tsaya nazarin tayar wata tsohuwar mota da ke garejin.

Na ce, "Ba kuskure ba ne, Mama. Ni na ce a yi min haka."

A gaban baƙi muke. Ta yi wa matar gidan murmushi, ta koma mota. Na sallami tsohon, na mayar da bindigar akwati, muka kama hanya. Sai da muka tsaya a wani ɗan shagon karin kumallo, maigidan ya shiga ya tabbatar babu naman alade a burodin da ƙwai, sannan ta buɗe baki. Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, don haka da ta ce "Ke" na juyo.

"Da hannun tsarki za ki tsaya a gaban jama'a?"

"Da hannun da Allah ya ba ni, Mama."

"Shekara talatin ina gaya wa mutane na gyara ki. Kin ɗauka mugunta ce? Ƙanwar babanki da hagu ta tafi gidan miji. Dangin mijin ba sa cin abincinta, in ta zuba sai su ba yara. Ina gani da idona. Na rantse ba za a yi wa tawa haka ba." Muryarta ta ɗan karye, ta gyara ta. "Na ga na daman a jakarki. Ki sa shi, ko ku mayar da ni gida."

Wannan labarin na gwaggona ban taɓa jin sa ba, kuma ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Na ji tausayin Mama, na ji tausayin gwaggon, har na kai hannu kan zif ɗin jakar. Sai na lura da hagu na kai. Raina ya ɓaci, ɓacin da ban san ina ɗauke da shi ba. A rayuwata ban taɓa ce wa Mama a'a kai tsaye ba, sai dai in ce to, in zagaya ta baya. Ranar na gaji da zagayawa.

Na ce, "Mama, da dama zan ci, da dama zan gaisa, da dama zan miƙa miki ruwa har ƙarshen raina. Amma bindiga ba tuwo ba ce. In na sa na daman, hannayena biyu faɗa suke yi a kanta, kuma cikina ne a tsakani. Ba zan sa shi ba. Gida kuma sai an tashi daga gasa."

Maigidana ya dawo da leda a hannu, ya kalle ni, ya kalli madubi, ya gane an yi ba ya nan, ya yi hamdala a zuci. Ya ce, "Hajiya, ga shayi, ku ɗan sa wani abu a ciki." Ta ce ta ƙoshi. Ta ce in mun isa a bar ta a mota, ba za ta fito ta ga abin kunya ba.

Filin gasar yana cikin daji, a gindin wani tudu. An yanka shi gida-gida, kowane gida an tara masa jar ƙasa ta zama katanga a gefe uku, ita ke shanye harsashi. Motocin a-kori-kura sun cika wurin. Mutum talatin da wani abu ne, mata huɗu har da ni, mai hijabi kuwa ba sai na faɗa ba. An kalle ni, na rama. Malama tana jirana a rumfar rajista. Idonta bai tsaya a fuskata ba, ƙuguna ta duba, ta gyaɗa kai.

Aka tara mu sababbin shiga mu huɗu aka karanta mana doka. Ba a taɓa bindiga sai a kan teburin da aka keɓe ko in alƙali ya ce. Yatsa ba ya shiga wajen kunama sai an saita. Bakin bindiga ba ya juyowa wajen mutane ko da kuskure. Wanda ya karya ɗaya, ya tattara ya tafi gida, babu roƙo, babu ka san ni wane ne. Alƙalin rukuninmu ya ja kubena ya ga bai motsa ba, ya duba ya ga kunama a rufe, ya tambayi hijabin. Na nuna masa gajere ne, na cusa shi cikin wuyan riga, babu abin da ke lilo. Ya ce madalla. Wani ƙato mai gemu har ƙirji ya daɗe yana bina da kallo, na shirya masa amsa mai zafi. Da ya matso, ashe so yake ya ji wa ya yi min kuben, matarsa bahaguwa ce. Na haɗiye amsata.

Zagaye biyar za a yi. Aka kira ni a na farko. Daga inda na tsaya ina hango motarmu, gilashin baya a sauke rabi, Mama ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Alƙali ya ce in sa harsashi in mayar kube. Ya tambaya na shirya. Agogo ya yi ƙara.

Hannu ɗaya ne ya tashi. Ɗayan ya jira shi a ƙirji, suka haɗu a kan bindigar ba gardama. Na harbi kwalin da aka kafa don saiti na farko, na biyu, na kuskure farantin ƙarfe sau biyu, a na uku ya ce tan ya faɗi. Ban yi sauri ba, wani dattijo mai sanda ma ya fi ni sauri. Amma da na cire harsashi na nuna wa alƙali babu komai, na mayar da ita ta ce ƙas, sai na ji ƙwalla ta cika min ido a bayan tabarau. Daɗi ne, da kuma haushin shekarun da suka wuce.

A zagaye na biyu aka kori wani gwani da ya shekara goma yana zuwa, yana gudu yatsansa a kan kunama. Bai yi musu ba, ya kwance kayansa ya dawo yana taya mu liƙe ramukan kwali. Muna cikin na uku na waiga na ga Mama a bayan igiyar da aka ja wa 'yan kallo, a kan kujerar da maigidana ya buɗe mata. Wai zafi ne ya dame ta a mota, a watan Oktoba, kowa da rigar sanyi. Ya ɗora mata abin toshe kunne a kan ɗankwali da mayafi, ya sa mata tabarau. Ta haɗe rai ta zauna kamar matuƙin jirgi da aka ɓata wa rai. Ba ta kalle ni ba, ko in ce duk sanda na kalle ta tana kallon itatuwa.

Zagaye na huɗu shi ne wanda kowa yake ƙorafi a kai. Za ka zare da hannunka mai ƙarfi, ka miƙa wa rarraunan, ka harba sau shida da shi kaɗai. Na ga ƙattin maza hannunsu na hagu yana rawa, harsashi yana tada ƙura nesa da kwali, suna zagin kansu ƙasa-ƙasa. Da layi ya zo kaina na zare da hagu, na miƙa wa dama. Wannan hannun da ya shekara talatin yana rubutu da tuƙa tuwo da ɗibar jinin marasa lafiya ya tsaya cak. Shida na harba, shida suka shiga, biyar a tsakiya. Alƙalin ya duba kwalin, ya dubi ni, ya tambaya da gaske wanne ne rarraunan. A wannan zagayen mutum biyu kawai suka fi ni a rukuninmu.

Malama ba ta yi shawara da ni ba ta nufi wurin Mama. Ta rusuna, don na koya mata, ta ce tana koyar da harbi da daɗewa, ba ta taɓa ganin sabon shiga mai hannu biyu haka ba. Wannan karon maigidana ya fassara kalma da kalma, har da ƙari. Mama ta ɗaga abin kunnen gefe ɗaya, ta gyara mayafi, ta ce, "Gaya mata ni na koya wa wannan hannun aiki."

Dariya ta kama ni, haushi ma ya kama ni, a lokaci guda. Gaskiya ta faɗa, ita ta koya masa. Amma kada wata ta karanta wannan ta ce ashe ludayi ya yi rana. Ban gode wa ludayi ba, kuma ba zan gode masa ba. Da an bar ni da hannuna an koya wa ɗayan da lallashi, da yanzu ina da biyun kuma ban taɓa kulle ƙofa don in zama ni ba.

Da aka liƙa sakamako na zo ta biyar daga ƙasa. Ba a kore ni ba, ban tsorata kowa ba, bindigata ba ta kalli inda bai kamata ba ko sau ɗaya. Malama ta ce a gasar farko wannan shi ne cin kofi. Muka yi azahar a kan ciyawa bayan motoci. A hanyar dawowa muka tsaya wani gidan abinci na bakin titi, muka ci soyayyar tarwaɗa da wasu 'yan ƙwallayen masara da ake soyawa a mai. Mama ta ɗanɗana ta ce ƙosai ne da aka manta ba a sa wake ba, amma ta cinye nata ta ɗauki biyu a nawa. Shayinsu mai ƙanƙara ta ce a mayar, sukarin ya isa biki. Zancen kube bai sake tashi ba. Ba ta ce na yi daidai ba, ni ma ban ce ta yi haƙuri ba.

Ga wadda ke son shiga wannan harka, don na san a cikin masu zagina a zaure akwai masu sha'awa a ɓoye, abin da tafiyar nan ta koya min kaɗan ne. Ki nemi kube mai tauri wanda aka yi don bindigarki, ya rufe kunama, ya riƙe ta in an kifa, bakinsa ya tsaya a buɗe. Ki sami bel na kirki. Kada wani yadi ya yi lilo kusa da shi. Kuma in mai shago ya tambaye ki dama ko hagu, ki ɗan yi shiru ki tabbatar ke ce za ki amsa. Masu cewa mace da bindiga bai dace ba, na ji. Wata mai zuwa akwai wata gasar, na riga na rubuta sunana.

La'asar sakaliya muka shigo Greensboro. Maigidan ya hau sama da akwatin don ya kulle shi a ma'ajiyarsa, ni da Mama muka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciya. Ban kwance bel ɗin ba, kuben yana ƙuguna babu komai a ciki. 'Yata tana kwance rub da ciki a kan kafet kusa da keken ɗinki, tana zana gida da jan fensir, da hagu. Ta ɗago ta gan mu. Nan take ta sauya fensirin zuwa dama, ta ɓoye ɗaya hannun a ƙarƙashin cikinta.

"Sorry, Mommy," ta ce.

Ba kakarta ta ba haƙuri ba. Ni ta ba.

Duk harbin da na ji ranar babu wanda ya shige ni kamar wannan. Na durƙusa, na zaro hannun daga ƙarƙashinta, na buɗe yatsun, na mayar da fensirin inda yake. Ta kalle ni, ta kalli Mama, tana jiran ta ga wa zai yi magana.

Mama tana tsaye a bakin ƙofa, jakarta a hammata. Ta ce, "Abinci dai da dama."

Na ce, "Abinci da dama, Mama. Fensir nata ne."

Ta juya ta kama matakala tana hawa a hankali. Yarinyar ta koma kan takardarta ta ja rufin gidan da hagu, layin ya tafi a miƙe har ƙarshe.